Maganin mantuwa mai "furotin na musamman": a saya wa Hajiya ko a dakata?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah masu sani ku taimaka. Mahaifiyarmu ce, shekarunta 74, muna tare da ita a Gwammaja. Kusan shekara guda ke nan mantuwa ta sa ta gaba. Da farko mun ce tsufa ne. Amma yanzu sai ta idar da La'asar, ta naɗe dadduma, kafin a jima ta sake shimfiɗawa ta ce ba ta yi ba. Ranar Juma'a mun yi ta neman mukullin ɗakinta har Magariba, ashe yana cikin gwangwanin daddawa. Kuma matar nan ita ce uwar adashin layinmu shekara da shekaru, da ka take riƙe zubin kowa, ba ta taɓa rubutawa ba.

To wata ƙawata ta turo min hoton wani magani. An ce furotin ne na musamman, an yi masa rajistar mallaka a Amurka, abin nan da suke cewa fatent, lambar ma tana jikin kwalbar. Wai cikin wata uku mutum zai dawo daidai. Kwalba ɗaya ta wata ɗaya ce, kuɗinta ya kusa rabin albashina. Yayanmu ya ce a saya kawai. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Akwai wanda ya san shi?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Ummu Sudais: Amin ya Rabbi. Anti ki riƙa ba ta zabibi 21 da safe kafin ta karya, da zuma. Haka ake wa yaranmu masu hadda.

Hajiya Mai Atamfa: Maman Ilham ki saya. Na saya wa maigidana irinsa bara, kuma wallahi na ga canji. Da sai ya fita ya dawo sau uku, yau hula, gobe waya. Yanzu ya ragu sosai. Kuma ai Bature ba ya ba da fatent a banza. Sai sun gwada sun tabbatar yana aiki.

Barista na Nomansland: Hajiya, da girman kujerarki, a nan ne dai aka samu kuskuren. Wannan fannin abincina ne, bari in ɗan yi bayani.

Takardar mallakar ƙirƙira ba shaidar warkarwa ba ce. Abin da take cewa kawai: wannan abu sabo ne, wane ne ya fara zuwa da shi, don haka kada wani ya ƙera ko ya sayar sai da izininsa har shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardarsa. Shi ke nan. Ofishin da ke bayar da ita ba asibiti ba ne, ba ya tara marasa lafiya ya ba su ya ga wa ya warke. Kamar takardar fili ce. Tana nuna filin naki ne, amma ba ta ce in kin shuka gero zai yi ba.

A nan gida ma abin ya fi haka sauƙi. Dokarmu ta 1970 ce, kuma ta ce mai rajista a Abuja takardu kawai zai duba, an cike daidai, an biya kuɗi. Dokar da bakinta ta ce ana bayar da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba, in rigima ta tashi mai ita ya je kotu ya kare kansa.

Hajiya Mai Atamfa: To Barista, shi Alhajin nawa da na ga sauƙi a jikinsa fa? Ƙarya idona ya yi?

Barista na Nomansland: Wane ni in ƙaryata ki Hajiya. Ni dai takarda na fassara. Maganar jiki sai masu farar riga.

Famasis Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, hannuna ne ba fili a kanti. Maman Ilham, ban ga kwalbarki ba, don haka ba zan yi cinikin biri a sama ba. Amma irin waɗannan ƙwayoyi na furotin akwai wanda ya fi kowanne suna a Amurka, kuma labarinsa ya isa darasi. Sunansa Prevagen, na wani kamfani Quincy Bioscience a jihar Wisconsin.

Furotin ɗin da ke ciki ana ce masa apoaequorin. Asalinsa daga wata halittar teku ce, jelifish, mai siffar lema, jikinta sulɓi kamar kamu, tana fitar da haske a cikin ruwa. Wani masani ɗan Japan, Osamu Shimomura, shi ya fara ware furotin mai hasken nan a 1962, kuma binciken da ya yi a kan halittar ne ya kai shi ga lambar Nobel a 2008. Ku lura, lambar ba ta da alaƙa da mantuwa ko kaɗan, a kan wani furotin daban mai ƙyalli ce da ake amfani da shi a ɗakin bincike. Amma ɗan talla in ya samu kalmar Nobel kusa da hajarsa, ai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Dabarar kamfanin ita ce, furotin ɗin yana kama sinadarin kalsiyam, kuma rikicewar kalsiyam a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa tana cikin abin da ke tafiya da tsufa. A takarda maganar ta yi daɗi. Matsalar tana ciki, ina nufin cikin mutum.

In ka ci tsire, furotin ka ci. In ka ci ƙosai ko ƙwai, furotin ne. Me ciki yake yi da shi? Yana sa masa ruwan tsami da sinadaran narkarwa, ya daddatsa shi gunduwa-gunduwa har ya koma ƙananan tubala da ake kira amino asid. Ciki bai san fatent ba. Yadda ya yi da tsiren haka zai yi da ƙwayar. Ko da wani abu ya tsira ya shiga jini, akwai shinge na biyu: jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a tsuke suke ƙam, Allah ya yi musu katanga, manyan abubuwa irin furotin ba sa ratsawa yadda suka ga dama.

Ɗan Baiwa 001: Oga famasis tsaya. Insulin ba furotin ba ne? Ga shi yana aiki kuwa, babana shekara takwas yana kai.

Famasis Ɗan Fagge: Madalla da tambaya. Ta ina Baba yake shansa?

Ɗan Baiwa 001: Allura ce. Au. Na gane, na janye.

Famasis Ɗan Fagge: Ka ga ka ba kanka amsa. Tun 1922 ake wa mutane allurar insulin. Da haɗiya tana yi cikin sauƙi, wa zai yarda ya yi ta tsira wa kansa allura kullum?

In ƙarasa labarin. Kamfanin ya yi gwaji da mutum 218 na kwana 90, wasu aka ba su maganin, wasu ƙwayar da ba komai a ciki. Da aka haɗa sakamakon kowa da kowa, ba a ga bambancin a zo a gani ba. Sai aka koma ana rarraba mutanen rukuni-rukuni, hukuma ta ce sama da sau 30, har aka samo wasu 'yan wurare da ya yi kamar ya yi aiki. Wanda ya jefa ƙugiya sau talatin ai ko tsumma ya kamo. A Janairun 2017 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, da babban lauyan jihar New York suka maka kamfanin a kotu. Shari'a ta ja har Disambar 2024, kotu ta hana su ci gaba da cewa maganin yana inganta tuna abu. Kusan shekara takwas, kuma duk tsawon lokacin ana sayarwa.

Maman Ilham: Ikon Allah. To ya aka yi hukumarsu ta bari ana sayarwa tun farko? Na ɗauka can ba a wasa.

Famasis Ɗan Fagge: Saboda ba a matsayin magani aka shigar da shi ba, ƙarin abinci aka kira shi. Dokarsu ta 1994 ta ba irin waɗannan damar shiga kasuwa ba tare da sun kawo wa hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, hujjar suna warkarwa ba. Ki juya bayan kwalbar, yawanci za ki ga wani rubutu ƙanana kamar ƙafar kiyashi, yana cewa hukuma ba ta tantance wannan iƙirari ba, kuma ba a yi shi don warkar da wata cuta ba. Gaban kwalba na ɗan talla ne, bayan kwalba na lauya.

Namu ma haka ne. Magungunan gargajiya da yawa masu lambar NAFDAC akwai irin wannan jimlar a jikinsu, mutane ba sa karantawa.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsar Alhaji ba.

Likita Uwar Biyu: Hajiya bari in gwada, amma sai kin amsa min tsakani da Allah. A lokacin da ya fara shan ƙwayar, ba wani abin da ya canza? Barci, aiki, wani magani?

Hajiya Mai Atamfa: To, lokacin ne dai ya bar wa yara shagon Kwari suna buɗewa da safe. Kuma an canza masa maganin hawan jini, don na da yana sa shi jiri.

Likita Uwar Biyu: Kin gani ko? Mutum ya samu hutu, jininsa ya daidaita, jiri ya tafi, ga matarsa ta zuba masa ido tana lura da shi kullum. Abu huɗu sun faru lokaci guda, sai kwalba ta kwashe ladan. Ba gardama nake ba cewa ya samu sauƙi. Wanda ya kawo sauƙin ne ba mu sani ba, kuma dalilin da ya sa ake gwaji da ƙwayar da ba komai a ciki ke nan.

Hajiya Mai Atamfa: Hmm. Allah ya sa mu dace. Amma ni ba zan ce masa ya daina ba, don ya yarda da abinsa.

Abba Kurna: Tunda an zo maganar allura, ni ma ina da tambaya. Kawuna ya samu shanyewar ɓarin jiki, daga baya tunaninsa ya rikice. A wani asibitin kuɗi aka rubuta mana allurai, Cerebrolysin, aka ce suna gyara ƙwaƙwalwa. Mun yi masa kwana goma. Ita wannan tunda ta jijiya ce ba ta bi ta ciki ba, ta halatta ke nan a lissafin famasis?

Famasis Ɗan Fagge: Abba ka yi amfani da kalmar halatta, kuma allura za ta tono garma. Cerebrolysin wani kamfani ne a Ostiriya yake yin ta. Gutsattsarin furotin ne da amino asid, kuma daga ƙwaƙwalwar alade ake tace su. Ba ɓoyayyen abu ba ne, yana cikin bayanan maganin.

Abba Kurna: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi ba wanda ya faɗa mana. Mutumin da ko gwangwanin waje ba ya ci sai an karanta masa abin da ke ciki!

Ummu Sudais: Subhanallah. Kun ga abin da muke faɗa. A koma wa habbatus sauda.

Malam na Ƙofar Mazugal: Abba ka kwantar da hankalinka. Ba ku sani ba, shi ma bai sani ba, babu laifi a kanku in sha Allah.

Ita mas'alar kuwa malamai sun tattauna ta ta fuska biyu. Ta farko ita ce canzawar abu daga asalinsa, wato istihala, kamar giya ta juye da kanta ta zama khal. An yi wani taro na malamai da likitoci a Kuwait a 1995, suka tafi a kan cewa abin da ya canza gaba ɗaya, irin jelatin da ake kwanson ƙwayoyi da shi, ya tsarkaka. Wasu malaman ba su yarda ba a kan alade, kuma saɓanin yana nan. Fuska ta biyu ita ce lalura. Amma lalura tana da sharaɗi: a rasa wani magani na halal da zai maye gurbinsa, kuma amintaccen likita ya rinjayar da cewa wannan ɗin yana da amfani. Don haka kafin a tambaye ni, a tambayi Likita. In amfaninsa bai tabbata ba, ina lalurar take?

Likita Uwar Biyu: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ka sauƙaƙa min. Ana amfani da ita sosai a Rasha da Sin da wasu ƙasashen gabashin Turai, amma FDA ba ta amince da ita a Amurka ba. Masu bitar gwaje-gwaje na Cochrane sun duba ta a kan shanyewar jiki, ba su ga tana rage mutuwa ba. A kan ruɗewar da toshewar jijiyoyin jini ke kawowa sun ce akwai alamar ɗan amfani, amma hujjar mai rauni ce ƙwarai. Akwai abokan aikina da ke rubuta ta da kyakkyawar niyya, ba na zagin kowa. Ni dai ba na rubutawa. Kuma ko zan rubuta, a garin Kano ba zan sa wa mutum ita ban faɗa masa daga ina ta fito ba. Wannan haƙƙinsa ne.

Baban Khalifa: To Likita duk kun rushe mana komai. Wato a duniyar nan kaf babu furotin ɗin da ke taɓa cutar mantuwa?

Likita Uwar Biyu: Akwai, Baban Khalifa, kuma gara ku ji shi daga bakina kafin wani ya zo muku da shi a jaka.

A cutar Alzheimer, wato wani nau'i na cutar mantuwa, wani furotin mai danƙo, amiloid, yana taruwa a ƙwaƙwalwa. Sai masana suka ƙera sojojin jiki a ɗakin bincike, su ma furotin ne, aka horar da su su kama amiloid ɗin su share shi. Na farko da aka amince da shi, aducanumab, a 2021, ya jawo rigima sosai don hujjarsa ba ta gamsar ba, har kamfanin ya daina yin sa a 2024. Sai lecanemab, na kamfanonin Eisai da Biogen, ya samu cikakkiyar amincewa a Yulin 2023. Sai donanemab na Eli Lilly a Yulin 2024.

Ku ga bambancin gwaji. Lecanemab an gwada shi a kan mutum 1,795 tsawon wata 18. Sakamako: ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin 100. Ku karanta da kyau, saurin ya rage. Duka rukunin biyu sun ci gaba da gangarawa, ɗaya dai ya fi ɗaya jan ƙafa. A ma'aunin da ke da maki 18, tazarar ba ta kai rabin maki ba. Ba wanda ya dawo yana riƙe lissafin adashi.

Kuma ga ɗawainiyarsa. A gwajin ƙarin ruwa aka yi ta jijiya duk sati biyu, da yawa ake zubawa don abin da ke tsallake katangar nan da famasis ya faɗa bai wuce kusan kashi 1 cikin 1,000 ba. Sai an fara tabbatar da amiloid ɗin yana nan. Sai cutar tana matakin farko. Kusan mutum 1 cikin 8 ya samu kumburin ƙwaƙwalwa a gwajin, wasu ɗan zubar jini, don haka sai an yi ta ɗaukar hoton MRI ana dubawa. Mai shan maganin tsinka jini haɗarinsa ya fi yawa.

Ɗan Canji Wapa: Likita faɗi kuɗin, mu nan muke da aiki.

Likita Uwar Biyu: Farashin da suka sa lecanemab a Amurka dala 26,500 a shekara. Donanemab kusan dala 32,000. Ban da hoto, ban da gado, ban da likita.

Ɗan Canji Wapa: Ko a ce dala tana 1,500, na farkon ya tasam ma naira miliyan 40. Duk shekara. Don a gangara a hankali. Tab.

Likita Uwar Biyu: Ba kai kaɗai ka ce tab ba. A Ingila hukumar da ke auna ko magani ya ci kuɗinsa, NICE, ta ƙi yarda asibitocin gwamnati su saya, ta ce amfanin bai kai tsadar ba.

Barista na Nomansland: Nan ne fatent yake aikinsa na gaskiya. Ba ya sa magani ya yi aiki, farashi yake tsarewa. Ku duba donepezil, tsohuwar ƙwayar mantuwa da aka amince da ita a 1996. Tana ƙarƙashin mallaka tana tsada. Wa'adin ya ƙare a 2010, kamfanonin Indiya da sauransu suka shiga yi, farashi ya zube. Kuma kada a ce na zagi tsarin gaba ɗaya, in babu shekarun nan 20 ba kamfanin da zai zuba dukiya a gwajin mutum dubu biyu. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne a ɗauki lambar a manna a kwalba kamar hatimin asibiti.

Kwamared Ɗan Rimi: Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba. Mu 'yan Kano an taɓa gwaji a kanmu. 1996, lokacin sanƙarau, kamfanin Pfizer ya zo da maganinsa Trovan, yara 200 a asibitin IDH, 11 suka rasu, sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk abin da ya fito daga can, da mai kwalba da mai allura, ni ban yarda ba.

Ɗalibar BUK: Kwamared abin da ka faɗa ya faru, ba mai musu. Amma ka lura a wannan karon matsalar a juye take. A gwajin lecanemab baƙaƙen fata ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Wato ba gwaji aka yi a kanmu ba, mantawa aka yi da mu. Kuma bambancin yana iya zama mai muhimmanci. Akwai binciken da aka fara a 1992 ana kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen Amurka a birnin Indianapolis. Na Ibadan sun fi ƙarancin kamuwa da Alzheimer, kuma ƙwayar gadon da ke ƙara haɗarin cutar a can, APOE4, tasirinta a Ibadan bai yi ƙarfi haka ba. In muka ce ba za a taɓa bincike da mu ba, kullum da awon wasu za a ɗinka mana riga. A yi shi dai da izini, da sa ido, a faɗa wa mutum gaskiya da harshensa.

Kwamared Ɗan Rimi: Ƙanwata kin iya magana. Amma ki fara kai kakarki, in ta dawo lafiya sai in kawo tawa.

Ɗalibar BUK: Tawa kakar ta fi ni wayo Yaya, ba za ta je ba sai an ba ta goro. Wani abu kuma da nake so a sani tun yanzu, don na ga sunansa ya fara yawo a tallace-tallace: klotho. Furotin ne da wani ɗan Japan, Makoto Kuro-o, ya gano a 1997, ƙoda ce ke fi samar da shi, yana raguwa da tsufa. A 2023 masu bincike a Amurka suka yi wa tsofaffin birai allurarsa sau ɗaya, suka ga sun fi tuna inda aka ɓoye musu abinci har sati biyu. Abin mamaki, ƙaramin awo ne ya yi aiki, babba bai yi ba. Bincike ne mai kyau, amma birai ne, kuma allura ce. Duk wanda ya ce muku yana da ƙwayar klotho ta haɗiya, ku riƙe aljihunku.

Admin: Jama'a wani ya turo lambar waya yana tallan maganin basira, na goge. Wanda ya sake, waje. A ci gaba.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, wallahi na ƙaru. Amma ku yi haƙuri, ni har yanzu ga Hajiya a gabana. Ɗazun nan ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga kasuwa, shekararsa shida da rasuwa. Na shiga banɗaki na yi kukana na fito. In ban sayi wannan ba, me zan yi? Zama zan yi ina kallo?

Malam na Ƙofar Mazugal: Allah ya ba ki ladan jinya 'yata. Abin nan Alƙur'ani ya ambace shi a Suratun Nahli, cewa akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana neman tsari daga gare shi, kuma shi ne ya ce a nemi magani. Maganar sallar kuwa, in ta maimaita ku ƙyale ta, kada ku yi ta gardama da ita. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Kuma don Allah kada a bari wani ya ce mata mayya ko an yi mata asiri, na ga gidan da wannan maganar ta raba.

Likita Uwar Biyu: Maman Ilham, ba zama za ki yi ba. Ba kowace mantuwa ce gigin tsufa ba, kuma wasu dalilan ana gyara su da kuɗin da bai kai na kwalbar nan ba. Ki kai ta babban asibiti, Malam Aminu Kano ko Murtala, ki nemi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ma suna ganin irin wannan, kada sunan wurin ya tsorata ki. Ki zuba duk magungunan da take sha a leda ki tafi da su, har na gargajiya, har na barci da na mura da ake saya a kemis, don wasunsu suna rikita tsofaffi sosai. A auna jini da suga. A duba sinadarin B12 da aikin maƙoshi, wato tayirod. A duba kunnenta da idonta, don wanda ba ya ji sosai sai a ɗauka mantawa yake. A tambaye ta damuwa, tun rasuwar Baba wa take hira da shi? A nan garin abin da na fi gani shi ne hawan jini da aka yi shekaru ba a kula ba, yana ta toshe ƙananan jijiyoyi a ɓoye. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar, hawan jini da suga da rashin ji da kaɗaici duk suna ciki.

Tana da suga?

Maman Ilham: Tana da shi. Metformin take sha, ya fi shekara goma.

Likita Uwar Biyu: To lallai a duba B12 ɗin, don daɗewa a kan metformin yana rage shi. Kada ki dakatar mata da maganin, ki dai faɗa wa likitan. Ba alƙawari nake miki cewa shi ne ba. Yadda kika kwatanta, zai iya zama cutar ce da gaske, kuma in ita ce akwai ƙwayoyi masu sauƙin kuɗi da ke ɗan taimaka wa wasu, da dabarun zama da ita a gida. Amma a fara dubawa.

Ummu Sudais: Zabibin fa Likita, a daina?

Likita Uwar Biyu: Ga yaranki masu hadda ba laifi, abinci ne. Ga mai suga, zabibi da zuma kullum da safe, a'a.

Maman Ilham: Salam 'yan uwa, na dawo da bayani bayan kwana tara. Mun je. Jininta 178 bisa 100, ashe maganin hawan jinin tana ɓoye shi a ƙarƙashin katifa, mun tarar da ƙwayoyi sun fi arba'in a ƙulle cikin gefen tsohon ɗankwali. Kunnen hagu kuma danƙo ya toshe shi, sun wanke. An ɗebi jini, sakamakon B12 sai ranar Talata, kuma an rubuta mana hoton kai. Yanzu ni nake ba ta maganin da hannuna bayan Asuba, ina tsaye har ta haɗiye.

Rigimar da ta rage ta Yaya ce. Ashe ya riga ya tura kuɗin kwalba biyu tun kafin in yi tambaya a nan, jiya aka kawo. Na tura masa duk bayanan nan, ya ce shi dai ya yi wa mahaifiyarsa abin da zai iya, kuma 'yan intanet ba za su hana shi ba. Famasis, in na kawo maka kwalbar kantinka za ka duba min ko akwai abin da zai yi karo da magungunanta? In ba cutarwa, ina ga zan bar shi ya ba ta, don a zauna lafiya.

Famasis Ɗan Fagge: Kawo, ina nan har Isha'i. Ki haɗo da ledar magungunan nata gaba ɗaya, da kwalin da kwalbar ta zo a ciki, kada ki yar.